Amsa: kan firinta yana tsayawa a tsakiyar aiki

Malam, sannu da fama. Ka ce babbar firintarka ta buga bana, wato babbar ledar talla, tana tafiya sai kan da ke fesa tawada ya tsaya cak, allon ya nuna matsalar motsi. Kada ka yi saurin sayen mota sabuwa, wato ɗan injin da ke motsa kan, galibi ba ita ba ce.

Kashe injin, ka cire wayar wuta, ka saki makullin kan, sannan ka tura shi da hannu daga wannan gefe zuwa wancan. In ya cije a wuri guda, duba guntun leda ko busasshen tawada a kan sandar da yake bi. Goge ta, ka ɗiga mai kaɗan.

Amma ni inda na fi zargi shi ne siririn filastik ɗin nan mai ƙananan layuka da ke miƙe a bayan kan, wato enkoda. Da shi injin ke ƙirga inda kan yake. Ƙurar hunturu a nan Maradi, ga feshin tawada, sai su rufe layukan, sensa, wato idon injin, ta kasa karantawa, injin ya ɗauka ya yi karo. Sa kyalle mai laushi da ɗan ruwa, ka goge a hankali. Don Allah kada ka taɓa shi da sinadarin wanke kan firinta, yana cinye layukan. Haka na yi asarar nawa, sai daga Kano aka kawo mini wani.

In ya ci gaba, duba bel ɗin da ke jan kan ko ya saki ko haƙoransa sun cinye. Wace lamba allon yake nunawa, kuma a wuri ɗaya yake tsayawa kullum?