Na fara tattakin natsuwa na ajiye maganin damuwa, yanzu jiri nake ji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyar ke nan ina shan sertraline saboda ciwon damuwa, kuma na samu sauƙi sosai. Kwanan baya na fara atisayen tattaki cikin halartar da hankali, ina bin takun ƙafata da numfashina. Wani mai koyarwa a intanet ya ce duk wanda ya iya wannan ba ya buƙatar ƙwaya, sai na daina sha. Yau kwana huɗu, jiri nake ji, barci ya gagara, ko a wajen tattakin hankalina ba ya tsayawa wuri guda. Ya ce wai guba ce take fita daga jikina. Ni ce ban iya ba, ko ciwon ne ya dawo? Wallahi tsoro nake ji.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kafin komai, ki nemi likitan da ya rubuta miki maganin yau ɗin nan, ki gaya masa ranar da kika daina. Abin da kika siffanta ya yi kama da alamomin yanke magani farat ɗaya. Rabin sertraline yana barin jini cikin kusan kwana ɗaya, don haka zuwa kwana na huɗu kusan babu saura, ƙwaƙwalwa kuwa ta riga ta saba da shi. Daga nan jiri yake zuwa, da tashin zuciya, da saurin fushi, wasu har su riƙa jin wani fizga a ka kamar wutar lantarki. Dawowar ciwon shi kansa yawanci sai an yi makonni, kuma ba da jiri yake sallama ba.

Maganar yawon hankali kuwa, ki kwantar da hankalinki. Babu zuciyar da ba ta yawo. Ki samu fili mai taku goma zuwa ashirin, nesa da ababen hawa, ido a buɗe, kunne babu komai. Ki ji dunduniya ta taɓa ƙasa, nauyi ya gangara zuwa tafin ƙafa, yatsu su saki ƙasa. Can za ki tsinci kanki kina lissafin abin da wani ya faɗa miki jiya. Ki lura, ki dawo kan ƙafa ba tare da zargin kai ba. Wannan dawowar ita ce atisayen. In bin numfashi yana tayar miki da fargaba, ki bar shi, ƙafa da sautukan da ke kewaye da ke sun isa. Sai dai muddin jirin nan bai tafi ba, kada ki fita ke kaɗai.

Yanzu ga abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na ga mai irin labarinki. Mutum ya sha wahala, magani ya fara aiki, ya koma bakin aikinsa, sai wani da ba a san inda ya yi karatu ba ya ɗauki waya ya ce masa ƙwaya bauta ce. Idan jiki ya rikice ya ce guba ce take fita. Wace guba? Ya auna ta? Idan mara lafiya ya zube, ba za a ga ƙeyarsa a asibiti ba, yana can yana tallar sabon darasi.

Abin takaici, da binciken gaskiya suke fakewa. Wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya kafa shirin rage matsin rai ta hanyar halartar da hankali a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, a cikin asibiti, don ya zama ƙari a kan kulawar likitoci. A 2015 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike daga Ingila a kan mutum 424 masu ciwon damuwa mai maimaituwa. Cikin shekara biyu, ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka yi wani horon halartar da hankali suka rage magani, da kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da magani. Wannan suke karantawa su ce ai ga hujja. Abin da ba sa faɗa shi ne, mutanen nan sun yi horo na mako 8 a hannun ƙwararru, sun riga sun samu sauƙi kafin a fara, kuma likitocinsu ne suka riƙa rage musu magani sannu a hankali. Duk da haka kusan rabi ciwon ya dawo musu. Ina wannan, ina bidiyon minti ɗaya?

Ke kuma watanki biyar kacal. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, sannan a rage shi mataki-mataki cikin makonni ko watanni. Akwai ma magungunan da yanke su ya fi wannan haɗari: mai shan magungunan kwantar da hankali irin su diazepam na dogon lokaci, in ya daina dare ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai ciwon sauyin yanayin zuciya (bipolar) da ke shan maganin lithium in ya yanke, ciwon kan dawo da ƙarfi. Mai bidiyo bai tambayi kowa wane magani yake sha ba.

Ku ji tsoron Allah, ku masu koyar da abin da ba ku sani ba. Rai ne a hannunku. Ku kuma 'yan'uwan mara lafiya, ku daina ce masa raunin zuciya ne ya sa yake shan magani, domin wannan gorin ne yake tura mutane hannun baragurbi.

Ni kaina ina ɗora marasa lafiya a kan wannan tattakin, domin yana rage saƙe-saƙen zuci, motsa jikin ma yana gyara barci. Ki ci gaba da shi, minti goma a rana ya isa farawa, tare da duk abin da likitanki ya tsara. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya zo miki, ko sau ɗaya ne, ki gaya wa wani na kusa da ke, ku tafi sashen gaggawa nan take, kada ki jira ranar ganin likita.