Ina karatu amma ranar jarrabawa sai komai ya gudu

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce aji biyu a jami'a, wallahi ina karatu sosai amma ranar jarrabawa sai kaina ya ɗauke kamar ban taɓa buɗe littafi ba, kuma da na ɗauki waya zan duba wani abu sai in tsinci kaina a TikTok. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau, haddar dare ɗaya ce ke cutar ki. Tun 1885 wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna mutum na saurin mance abin da bai maimaita ba. Ki sauke manhajar Anki, wadda ake bitar karatu da katuna a cikinta, ki rubuta tambaya a gaban kati amsa a baya, wanda ya ba ki wuya za ta yi ta dawo miki da shi, wanda kika iya kuwa sai bayan kwanaki. Amma fa kar ki juye shafi guda a kati ɗaya, abu ɗaya tak.

TikTok kuma, ai Anki ba sai da data ba, ki kashe datar, ki saita agogo ki yi karatu minti 25, ki huta minti 5.