Kafin ka lanƙwasa harafi

Sabo, ajiye burushin nan ka zauna. Kana tambaya ko mu ma za mu iya yin irin aikin da ka gani a wayarka, inda aka jajja haruffan Larabci har suka koma fuska da reshen bishiya, ba mai iya karanta komai. Za mu iya, amma kai da sauranka.

Mai aikin nan Ibrahim El-Salahi ne, mutumin Sudan, an haife shi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malami ne mai karantar da Alƙur'ani, a gaban allo ya tashi kamar mu. Ya je Landan ya karanci zane a makarantar Slade, ya komo Khartoum da zanen Turawa, mutanensa suka kalla suka wuce. Sai ya koma wa abin da ke rataye a ɗakunansu, wato rubutu, ya shiga warware haruffa yana fitar da siffofi daga cikinsu. A 2013 gidan zane na Tate Modern ya baje kolin aikin rayuwarsa. To ka lura, hannun da ya warware harafin nan ya riga ya iya ɗaura shi. Kai kuwa har yau alunka, wato alif ɗinka, rawa yake yi, cikin nun-ararka wani ya yi tulu wani ya shafe.

Sannan akwai iyaka. Harafi shi kaɗai, ja shi yadda ka so, ka tsawaita wuyansa, ka naɗe wutsiyarsa, ba wanda zai ce maka kanzil. Aya kuwa ba a taɓa ta. Ɗigo ɗaya ka gusar, ma'ana ta tashi. Dubi allon zayyanar can da za a kai saukar karatu Unguwar Rogo. Adon ya cika gefe, ja da rawaya da kore sun sha wuri, amma tsakiya inda Fatiha take baƙi ne tsaf, wasali ja, kowane harafi zaune a mazauninsa. Magabata sun san inda ake sakin hannu da inda ake kame shi. Kuma ka riƙe cewa rubutunmu na Warshu ne: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. Masu saye daga Abuja da suka saba da bugun Hafsu sukan ce kuskure ne. Kada ka gyara, ka yi musu bayani cikin ladabi.

Abin da samari ba sa tambaya, alhali ya fi salo nauyi, shi ne inda aikin zai kwana. Mai otal ya zo yana son sunan Allah da ruwan zinare, tambaye shi bangon da zai rataya. In kusa da banɗaki ne, ko zauren da ake kiɗa da shaye-shaye, ba shi haƙuri, ka yi masa ado zalla ko haruffan da ba su haɗa kalma ba. Kuɗin ba zai ragu sosai ba.

Yanzu tashi ka fiƙe alƙalamin gamba, ka karkata bakinsa kaɗan, ka tsaga shi ya riƙe tawada. Ƙara ƙaro a tawadar, sanyin Jos ya sa tana farfashewa a kan allo. Ka cika min shi da alu, layi-layi, a wanke a sake, har su tsaya kai ɗaya.