Amsar tambayarki a kan man gashin Madam Walker

'Yata, jiya muna tsefe wa amarya kai kika tambaye ni dalilin da ya sa wata uku ke nan ina sa ki wankin kai kawai ban koya miki haɗin man gashi ba, alhali kin ji cewa da gwangwanin mai Madam C.J. Walker ta yi arziki a Amurka. Tambayar ta yi mini daɗi, domin matar nan ina ganin girmanta ƙwarai.

Sunanta na yanka Sarah Breedlove, an haife ta a Luwiziyana a 1867, iyayenta kuwa sun yi bauta. Tana da shekara 7 ta zama marainiya, tana da 20 mijinta ya rasu, ta koma birnin St. Louis tana wankau, ga amosani ya addabe ta har gashinta yana zuba. A hannun wata baƙar fata, Annie Malone, ta fara sana'ar, tana tallar kayanta gida-gida, kafin ta tsaya da ƙafarta ta kafa masana'anta a Indianapolis a 1910.

To, abin da ke cikin gwangwanin nan ba wani abin ɓoyo ba ne, farar wuta ce da basilin da 'yan kayan haɗi. A zamanin yawancin gidajen talakawa babu famfo, mata kan daɗe ba su wanke kai ba, sabulun kuma mai zafi ne. Ita sai ta koya musu a wanke fatar kai a kai a kai, a murza ta da yatsu, sannan a shafa mai. Wannan ta koyar a makarantar da ta buɗe a Pittsburgh a 1908, kuma dubban mata sun ci abinci da shi. A ganina nan ne ƙarfinta yake, domin mai kowa na iya haɗawa.

Shi ya sa nake so idan kin tsaga gashi da kibiya ki tsaya ki duba fatar tukuna, ki bambanta amosani mai zuba kamar dusa da makero mai cin gashi a zagaye, wanda asibiti ake turawa, ki kuma gane goshin da jan kitso ya cinye. Gobe da hantsi matar nan mai ƙaiƙayin ƙeya za ta dawo. Ke za ki duba ta, ki faɗa mini abin da kika gani kafin mu taɓa man kaɗanya.