Me ya sa talakawan New York suka riƙa zaɓen 'yan Tammany?

Tambaya: Malam, na ji cewa a farkon ƙarni na 20 wata ƙungiya mai suna Tammany Hall ce ke tsayar da magajin garin New York, kuma kowa ya san suna cin dukiyar jama'a. To me ya sa talakawa suke ta sake zaɓensu?

Amsa: Ɗan'uwa, batun cin hanci gaskiya ne. Tammany ce ke riƙe da jam'iyyar Democrat a Manhattan, wato tsakiyar birnin New York, kuma daga 1902 zuwa 1924 Charles Murphy ne ubangidanta. Mutum ne mai ƙarancin magana, bai taɓa zama magajin gari ba, amma sai wanda ya ɗaga wa hannu ake tsayarwa.

Ƙarfinsu a cikin unguwa yake. Kowace gunduma da shugabanta, kowane layi da wakilinsa. Baƙo ya sauka daga jirgin ruwa daga Ailan ko Italiya, ba aiki ba wurin kwana, wakilin nan ne zai samo masa aikin sharar titi, ya tsaya masa har ya sami takardar zama ɗan ƙasa. Gobara ta tashi da tsakar dare, shi ne zai nema wa iyalin masauki. Sanyi ya tsananta, ga kwal an kawo har ƙofa. Big Tim Sullivan na unguwar Bowery duk shekara yakan raba wa dubban matalauta takalma a lokacin hunturu. A zamanin da gwamnati ba ta da wani tsarin tallafi na kirki, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni ba na ganin laifin wanda ya saka da ƙuri'arsa. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Masu neman gyara sukan ci zaɓe, riƙewa ce ke gagararsu. Seth Low, shugaban Jami'ar Columbia, ya yi nasara a 1901 da haɗin gwiwar 'yan Republican da 'yan ba-ruwanmu, amma a 1903 George McClellan na Tammany ya kayar da shi. John Purroy Mitchel ya hau a zaɓen 1913 yana ɗan shekara 34. Mai gaskiya ne, sai dai ya tsuke bakin aljihu, ya ɓata da iyaye kan sauya tsarin makarantu, ya kuma ɓata da 'yan Katolika kan binciken gidajen marayunsu. A 1917 John Hylan na Tammany ya yi masa mummunan kaye. Da an gama zaɓe haɗakar takan watse, wakilin Tammany kuwa yana nan bakin layinsa.

Akwai maguɗi ma. A zaɓen magajin gari na 1905 William Randolph Hearst, mai jaridu, ya sha kaye a hannun McClellan na Tammany da tazarar ƙuri'a kusan 3,500 kacal, aka yi ta zargin an sa mutane jefa ƙuri'a sau da yawa.

Murphy kuma ya san lokacin sauya salo. Bayan gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a 1911, wadda ta ci rayuka 146, yaransa Al Smith da Robert Wagner ne suka jagoranci binciken da ya haifar da dokokin kare ma'aikata a jihar.