Tambayi Malamin Gona: Jigawa ko geza, wacce zan ɗauka a rabon gado?

Assalamu alaikum jama'a, ina gajiya, ina zafi. Saƙonnin wannan watan sun yi yawa har wayata ta fara nauyi, da na zauna na tsince su sai na ga kusan rabi duk maganar ƙasa suke, ƙasar noma fa nake nufi, ta siyasa ba fannina ba ce. Na ɗauko huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Malam, ina wuni ina iyali. Ni daga wani ƙauye nake kusa da Cadawa. Tsohonmu ya rasu bara ya bar gona biyu, yayana ya ce in zaɓa tunda ni ne ƙarami. Guda jigawa ce bisa tudu, rairayi ne zalla ƙafa har nutsewa take, gudan kuma geza ce can ƙasan gangare, ja-ja haka, ga taurin tsiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shekarar da ruwa ya yi gardama jigawar ta ba mu dami 40, gezar ko iri ba ta maido ba, amma shekarar da aka yi ruwa sosai sai gezar ta ninka ta. Ni yawon bida na yi a Legas, noman ban san shi sosai ba. Dan Allah wacce ta fi?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya kuma saka wa yayan naka, ba kowane wa ba ne ke cewa ƙane ya zaɓa. To ƙanena, tambayarka ta riga ta amsa kanta ba ka lura ba ne, gonakin nan biyu kowace da shekararta.

Bari mu fara da jigawar. Tuddan rairayin nan da ka gani daga Cadawa har Agye har Mayahi iska ce ta tara su tun dubban shekaru, lokacin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yanzu, daga baya damina ta dawo ciyawa ta kama su suka zauna. In aka auna irin wannan ƙasa sau da yawa sama da kashi 90 cikin 100 rairayi ne, ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta kuwa ko kashi 1 cikin 100 ba ya kaiwa, wato dai matalauciya ce, wannan babu ɓoyo. Amma tana da hali guda mai kyau, ba ta mayar da baƙo, duk ɗigon da ya faɗi shigewa yake nan take ba ya gudu. Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ce a kowace murabba'in mita, to ka lissafa ruwan milimita 20 a hekta guda lita 200,000 ke nan, jigawa kusan duka za ta shanye, kuma ɗan abin da ta riƙe ba ta ƙanƙame shi, saiwar hatsi na zuwa take sakar mata. Sannan in rana ta buɗe saman ne ke bushewa ya zama kamar murfi, ka tona da hannu ka iske damshi a ƙasa. Shi ya sa ake binne a jigawa tun kafin ruwa, shi ya sa mai jigawa ke ɗaukar sungumi da ruwan farko alhali mai geza na zaune yana kallon gabas.

Ita geza akwai laka da lallausar ƙasa a cikinta fiye da jigawa. Wani wurin ruwa ne ya yi ta wanko su daga tudu yana ajiyewa a gangare, kamar taku ke nan, wani wurin kuma iska ce ta kwashe rairayin sama ta bar ta a fili. Jan da ka gani tsatsar ƙarfe ce da ke jikin ƙasar, kada wani ya ce maka alamar ƙarfi ce ko ta rashinsa. Lakar nan ita ke riƙe taki, don haka geza ta fi jigawa abinci nesa ba kusa ba. Matsalarta baki ne, in ruwa mai ƙarfi ya daki samanta sai ya liƙe kamar an yi daɓe, ruwa na biyu in ya zo ba ƙofar shiga sai ya bi gangare ya tafi kwari ya bar ka da hamma. Ga abinci a tukunya ba ruwan haɗiya. Shekarar da aka yi ruwa bi da bi har ta jiƙa da kyau kuwa, to ranar za ka ga zangarniya kamar damtse.

Yanzu sai ka haɗa da ruwan wurinku. Mu nan Maradi abin da muke samu a shekara wajen milimita 500 ne, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekara ya haura wata ya gaza ƙwarai, waɗanda suka ga farin 1984 ba sai an ba su labari ba. In ka yi kudu wajen Gabi da Madarunfa ruwan ya fi haka, in ka yi arewa wajen Dakwaro sai ya yi ta raguwa. Geza guda ɗin nan a Gabi dukiya ce, ka ɗauke ta ka kai arewacin Mayahi ta zama wahala. Ku kuna tsakiya, shi ya sa take muku wasa da hankali.

Ra'ayina, in dole sai guda, ka duba abin hannunka. Kana da shanun huɗa da amalanke? ɗauki geza, a buɗe ta da garma bayan ruwa mai kyau, a yi kunya a gicciye da gangare, a kai taki, ka sa dawa da wake har da gyaɗa. Hauya kawai gare ka da ƙarfin damtse? jigawa, hatsi da wake. Amma wallahi da ni ne da sai in koma wurin yaya in ce a raba kowace gona biyu kowa ya samu tudu ya samu gangare. Kana tsammanin Baba bai san abin da yake yi ba da ya riƙe su duka biyun? ai ba ya taɓa faɗuwa gaba ɗaya, in wannan ta ƙi waccan ta ba shi. Ku dai kira dattawa da mai gari a sa shaida a rubuta, saboda 'ya'yanku.

TAMBAYA: Malam ina kwana. Ni mace ce daga wajen Tibiri, ina da 'yar gamana da maigida ya ba ni. Tsakiyarta ya zama fako ko ciyawa ba ta fita, gefe kuma ƙuduji ya cinye. Bara na sai da akuyata na sayi angire (takin zamani) na zuba, hatsin ya ƙone. Mi ke nan? ko sammu ne?

AMSA: Hajiya Allah ya mayar da alheri, akuya ba ƙaramin abu ba ce. Ba sammu ba ne in sha Allah, gamanar ce ta gaji, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne sau da yawa wurin da ya riga ya mutu shi ake yanka wa mata, maigida in kana karantawa ka ji.

Fakon nan da can akwai rairayi a samansa, iskar bazara da ta hunturu suka kwashe saboda an bar wurin tsirara ba kara ba itace, abin da ya rage ya daskare. Angire ba ya gyara fako ko buhu goma kika zuba, ruwan farko zai wanke shi ya kai wa maƙwabci. Abin da ke gyara shi tassa ce, tun da rani ki sa yara su haƙa ramuka faɗin kamar taƙi guda ko fiye kaɗan, zurfin santimita 15 zuwa 20, ƙasar da aka fidda a tara ta ta gefen da ruwa ke gangarawa don ta tare shi, a zuba takin gida ruɓaɓɓe cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Tsakanin ramukan ki shimfiɗa kara da rassan sabara. Gara za ta zo, kada ki kore ta, a nan ma'aikaciyarki ce ba ta karɓar ko dala, ita za ta huda daɓen ta yi wa ruwa hanya, karan kuma ya tare rairayin da iska ke ɗauke da shi. Amma tassa ta fako ce da geza, a jigawa mai laushi ramin rufewa yake, kada a wahalar da yara.

Ƙuduji kuwa abokin talauci ne, inda ƙasa ta rame nan yake ƙiba. Ki tuge shi kafin ya yi 'ya'ya ki ƙone, don ƙwayarsa na iya shekara goma da ɗoriya a ƙasa tana jira, sannan wannan gefen ki huta da hatsi ki sa gyaɗa ko riɗi.

Maganar ƙonewa, ina kyautata zaton kin zuba da yawa a jikin irin kuma ruwa ya ɗauke. Angire gishiri ne, in ba damshi shi ke tsotse ruwan tsiron. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar mai tasha nan Tarna, sun daɗe da nuna cewa babbar yunwar ƙasarmu ta sinadarin fosfor ce, kuma ɗan kaɗan a gindin shuka ya fi watsawa. Giram 6 na angiren da ake kira 15-15-15 a rami, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na wanda ake kira DAP, abin da yatsu uku suka tsunkula. In ramuka 10,000 ne a hekta, kilo 60 ke nan na farkon ko kilo 20 na biyun, ke da gamana tiya kaɗan ta ishe ki, ba sai akuya ta tafi ba. A sa shi ɗan gefe kada ya taɓa irin, kuma sai ƙasa na da laima. Ki kuma duba abin da kike saye, ni kaina an taɓa sai da mini buhu a wata kasuwa na zo gida na iske kusan rubu'insa tsakuwa ce.

Sai itace. Duk kututturen kalgo ko sabara ko gawo da ya toho ki bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi ki sare sauran. Sassaben zamanin nan a jiharmu aka fara shi wajen 1983 tare da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, mutane na ta dariya wai gona ta yi ƙazanta, yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka farfaɗo a nan Nijar, ki tambayi mutanen ƙauyen Ɗan Saga. Gawo ma ya fi kowa kirki, da damina yake zubar da ganye ya ba hatsi rana, da rani ya yi inuwa bisashe su kwanta su bar miki taki.

TAMBAYA: Malam ina da garka a gulbi wajen Jiratawa, zogale da tumatir. Wani fari-fari na fitowa saman ƙasar kamar kanwa kuma shuka na tsugunewa. Ƙaƙa zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa ɗanɗana shi da harshe, in ka ji gishiri-gishiri to shi ne. Fadama ita ce ƙarshen gangare, duk abin da ruwa ya kwaso daga tudu nan yake sauke shi, da mai kyau da marar kyau. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa ya biyo ta Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Runji ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima, shekara da shekaru yana malala yana shimfiɗa laka, ita ce baƙar ƙasar da kake taƙama da ita, wadda in ta jiƙe ta kama hauya in ta bushe ta karya ta. Da can malalar da ƙarfinta, ita ta ci tsohon garin Maradi a 1945 har aka hau tudu, kuma ita ke wanke fadama ta kawo sabuwar laka. Tun da aka yi madatsar Jibiya ruwan ba ya zuwa kamar da, kai kuma kana ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum a cikin zafin Afrilu, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin a sama.

Ka rage yayyafi, in za ka ba da ruwa ka ba da mai yawa ya nutse da gishirin ƙasa da saiwa sannan ka ɗan huta, ka gyara magudana don laka in ba mafita ruwan kwanciya yake ya dawo da gishirin. Ka rufe fangali da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ka ƙara takin gida ka rage angire, toka kuma kada ta kusanci wurin. In bai ja baya ba bayan damina guda ka ɗebi ƙasar da ruwan rijiyar ka kai a auna, wani lokacin laifin daga ruwan ne.

TAMBAYA: Gaskiya ne aya na kashe gona? Wani Alhaji na son in ba shi hayar jigawata shekara uku ya noma aya, kuɗin da ya faɗa sun yi mini.

AMSA: Ba ayar ba ce kaɗai, yadda ake cire ta ne. A ƙone ganyen, a tone gonar kaf, a tankaɗe ƙasar da rariya, sai a bar ta garin tuwo daidai lokacin da hunturu ke shigowa, lallausar da ke riƙe ɗan takin ita iska ke fara ɗauka. Shekara uku a jere a jigawa, Alhaji zai tafi da buhunansa kai ka karɓi rairayin gini. In kuɗin sun matsa maka ka ba shi shekara guda, ko rabin gonar ana juyawa, ka sa sharaɗi a gaban shaidu cewa ba zai taɓa itace ko guda ba kuma bayan cira zai kawo amalanken taki adadi kaza ya baza kara a rufe. In ya ce sharaɗin ya yi yawa ka ce masa ya gwada a tasa gonar.