Zuwa Lagdo da yara a babban hutu: yashin yana ƙarƙashin ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Marwa. Ni da maigida muna son mu kai yaranmu uku Lagdo da motarmu a babban hutu, cikin Agusta, mu kwana biyu. Na ga hotunan yara suna wasa a kan yashi a bakin ruwa. Hanya za ta biyu? Kuma yaran za su iya shiga ruwan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina rakiyar baƙi daga Garwa zuwa Lagdo, kuma kusan kowace shekara sai an yi mini wannan tambayar. Hotunan da kika gani ba ƙarya ba ne, amma da rani aka ɗauke su. Babban hutunmu kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa, Agusta ma shi ne watan da ruwa ya fi sauka a wannan yankin. Idan kun zo a lokacin, inda yaran nan suka yi wasa ruwa ya shanye shi, gaɓa ta koma laka da ciyawa.

Dalilin yana ga madatsar ruwan Lagdo kanta. Sinawa ne suka gina ta a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, tana ba arewacin Kamaru wutar lantarki da injuna huɗu masu ƙarfin megawat 72 a haɗe. Tafkin da ta tara ya kai murabba'in kilomita 586. Da damina yakan cika har ya kai maƙura, sai a buɗe ƙofofi a rage. Haka aka yi a 2012 da 2022, ruwa ya ci garuruwa daga nan har Yola da gaba. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, a ƙasan madatsa ruwa yana iya ƙaruwa rana tsaka, sama garau, ko ɗigo bai sauka ba. Baƙo ba ya gane alamar. Masunta kan gane, shi ya sa za ki ga sun ja kwale-kwalensu can sama sun ɗaure.

Da ni ne, sai in ɗaga tafiyar zuwa hutun ƙarshen Disamba. Ruwa ya fara ja da baya, yashi ya fito, sauro ya ragu, ga sanyin hunturu. Hutun Maris da Afrilu ma akwai yashi, har ya fi yawa, amma zafi kan wuce digiri 40, kuma da hantsi yaro ba ya iya taka shi ba takalmi.

Hanya kuwa ba ta da ɓata. Daga Marwa zuwa Garwa ta Figil kilomita 200 da 'yan kai ne. Ku haye gadar Binuwai, ku miƙe hanyar Ngaundere, a wajen Ngong ku karya hagu. Daga Garwa zuwa Lagdo bai wuce kilomita 70 ba. Ku tashi bayan sallar asuba, kada dare ya same ku a hanya, saboda ramuka da manyan motoci. Maigida ya haɗa takardun mota cif, kowa da katin shaidarsa, yara da takardar haihuwa, domin jandarmomi za su tsayar da ku ba sau ɗaya ba. A ajiye canjin sefa 500 na kuɗin shinge.

In kuma Agustan ce kawai ta samu, to ku zo, amma kada taya ta bar babbar hanya. Na taɓa cewa bari in yanke da wasu baƙi zuwa bakin ruwa ta cikin baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal. A ido ta bushe, har da tsagewa. Taku goma ba mu yi ba mota ta zauna a kan cikinta. Sai da samari takwas da shanun huɗa biyu suka fitar da mu, bayan la'asar.

Batun shiga ruwa, a nan nake so ki saurare ni da kyau. Dorina tana nan a Lagdo, ba labari ba ne. Da rana tana cikin ruwa, kunnuwa da hanci kaɗai ake gani, da magariba ta fito kiwo. Idan kika ga sawu mai faɗin faranti da yatsu huɗu a kan laka, ko kashi mai ciyawa a warwatse jikin kurmi kamar an watsa da tsintsiya, to hanyarta ce, ku bar wurin. Mai ɗa ita ce ta fi haɗari, kuma kada a kuskura a tsaya tsakaninta da ruwa.

Amma abin da ya fi dorina kama yara shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa marar gudu, musamman gefen ciyawa da magudanan gonakin shinkafa irin na Gunugu kusa da Lagdo, ta shiga ta fata ba tare da yaro ya ji komai ba. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. Tana da magani, praziquantel, ana samu a asibiti, amma me zai kai ki? Ni nawa yaran ba na barin su yi wanka a tafkin, rani ko damina. Su yi gini da yashi, su yi ƙwallo, wanka kuma a masauki. Ku taho da gidan sauro ko da an ce ɗakin yana da shi.

Yawon kwale-kwale da safe ake yi, kafin iska ta taso, kuma kada yaro ya shiga ba rigar ceto. Ku yi ciniki tun kuna tudu, Fulatancin Marwa zai ishe ku, Hausa ma ana ji sosai a wurin masunta. Jikin madatsar akwai masu tsaro, a nemi izini kafin a ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Kifi kuma ki je da kanki da sassafe inda jirage ke sauke kaya. Ki buɗe marfin kunnen, in cikinsa ja ne jawur, na yau ne. Giwan ruwa ya fi tsada, kuma shi ya fi dacewa da yara don ba shi da ƙananan ƙayoyi. Ƙarfasa a gasa muku a nan, na tsarabar Marwa kuwa ki sayi banda, ɗanye ba zai kai gida lafiya ba sai da ƙanƙara.